Kafa Biyu a Kwamfutar Malam Ashafa

Shekara ashirin Malam Ashafa ya yi yana buga wa mutane takardu da tafireta a wani ɗan shago a Gwale. Ni kuwa gyaran rediyo nake yi a shagon da ke manne da nasa, kuma tun can ni mai baki ne, komai na wuta sai na ce na sani.

Da soja suka koma bariki siyasa ta dawo, aiki ya buɗe masa, ya sayi kwamfuta ta hannu. Aibinta ɗaya: kafa biyu kacal gare ta ta jona kaya. Shi kuma kayansa uku ne, firinta, da na'urar ɗaukar hoton takarda, da wani ɗan akwatin ajiya da yake zuba aikinsa a ciki saboda cikin kwamfutar ƙarami ne. Haka yake wuni, cire wannan soka wancan, yana gumi yana istigfari.

Wata rana Maharazu ɗan kasuwa ya kawo masa wata 'yar aba mai baki huɗu, ya ce a soka ta a kafa ɗaya ta ɗauki duka kayan. Ashafa ya juyo ya dube ni.

Na ce, "Malam, kar ka soma! Irin wannan jone-jonen ne ya ƙone shagon Tani mai koko."

Wallahi ban taɓa ganin abar ba sai ranar. Ashafa ya mayar wa Maharazu abarsa.

A lokacin wani dattijo daga Madabo, Malam Abdulbaqi, yana kawo masa rubuce-rubucen kakansa da gara ta fara ci, a ɗauki hotonsu don kada su ɓace. Ba ya yarda su kwana a waje. Da safe zai kawo 'yan warƙoƙi a gafaka, la'asar ya koma da su. Ashafa ba ya taɓa su sai da alwala. Wata biyar suna wannan aiki.

Ranar da aka ɗauki warƙar ƙarshe, kwamfuta na cikin zuba ta a akwatin ajiya, sai ga wani mai neman kansila ya faɗo, a buga masa takarda yanzu-yanzu. Kafa biyun duk a cike. Ashafa ya zare akwatin ya soka firinta, kamar yadda ya saba. Bai sake buɗe shi ba, don hotunan sun cika shi, kuma yana ganin aiki ya kammala.

Da damina ta yi nisa, soron da ake ajiye takardun a Madabo ya rufta, ruwa ya narkar da su. Malam Abdulbaqi ya zo shago yana hamdala, wai ai akwai su a wurin Ashafa. Aka jona akwati, ya ƙi buɗuwa. An kai shi wurin masu gyara har uku, duk suka ce zare shi da aka yi yana cikin aiki ne ya lalata komai.

Ashafa ya durƙusa gaban dattijon ya ce, "Baba, laifina ne ni kaɗai. Ka yafe mini."

Ina tsaye a bakin ƙofa da sukurdireba a hannu, sai na sulale na koma shagona. Abin yana cina har yau. Bara Ashafa ya rasu, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, kuma har aka rufe shi ban gaya masa cewa ban san komai game da abar nan mai baki huɗu ta Maharazu ba.