Gurbin Sunan Mawallafi

Baffana, ƙanin mahaifina, ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa yana fitar da littattafai a Gummi. Bai taɓa mallakar injin ɗab'i ba. Aikinsa shi ne ya bi gidajen malamai na ƙasarmu, ya nemi izinin rubuce-rubucen da magabatansu suka bari, ya sa mai kyan hannu ya kwafe su da ajami, ya kai Sakkwato a buga, ya dawo da su cikin kwalaye. Daga shagonsa na bakin kasuwa masu talla suke ɗiba su bi kasuwannin Bukkuyum da Anka da ƙauyukan da ke tsakani. Babu takarda tsakaninsa da waɗannan gidaje. Magana ce ake yi a zaure gaban mutane, a shafa fatiha, a tashi. Jarinsa na gaskiya izinin baki ne, kuma wanda ya ba ka abu da baki yana iya karɓewa da baki.

A shekarun da hanyoyinmu suka fara lalacewa, masu talla suka riƙa janye jiki ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda zai zarge su, domin ba a sayen rai da ribar littafi. Kwalaye suka taru a shago har suka tare taga. A lokacin ina koyar da ilimin kwamfuta a wata sakandare, ni ne kuma kaɗai a gidanmu da ya yi jami'a. Wata rana Baffa ya aika in zo.

"Kai ɗan boko," ya ce, "an ce akwai wata kasuwa cikin wagga waya taku wadda ba ta tashi, kuma ɓarayi ba su tare hanyarta. Gaskiya na?"

Na ce akwai ta, amma ita ma tana da nata ɓarayin.

"Ɓarayin da ba su riƙe da bindiga ai abokan hira na. Kama min rumfa can."

Ashe wani a Gusau ya taɓa yi masa shafin intanet, wanda ba shi da komai sai hoton ƙofar shago da lambar wayar da ta daɗe da mutuwa. Na rushe shi na sake gini daga tushe. Hutun makaranta gaba ɗaya a kansa ya tafi. Da hantsi nake shimfiɗa tabarma a inuwa in jera littattafai in ɗauki hoton bangonsu, sa'an nan in koma kusurwar shagon da sabis yake ɗan kamawa in yi ta jiran hoto ya hau. Manhajar da na yi aiki da ita ta zo da Turanci, sai na zauna na mayar da kowace kalma da ke fuskar shafin zuwa Hausa, don mai saye kada ya ji shi baƙo ne a rumfar Baffa. Na ji daɗin wannan aiki fiye da yadda nake jin daɗin aji. Karo na farko ke nan da karatuna ya yi wa wani na gidanmu amfanin da zai iya gani da idonsa.

Kowane littafi yana da gurabe da ake cikewa: sunansa, sunan mawallafinsa, farashinsa. Ban sami matsala ba sai da na iso kan wanda ya fi kowanne fita, ɗan siririn littafi da kowa ke kira mai koren bango. Waƙa ce ta ba da haƙuri ga wanda ɗansa ya rasu. A ƙasarmu ana karanta ta a gidan makoki, mai karatu ya zauna daga bakin ƙofa yadda mata za su ji daga ciki. Shekarar da gubar dalma ta ɗebi yara a Yargalma da Tungar Guru, Baffa ya sake buga ta har ya daina lissafi, ya raba da yawa kyauta. Bangonta ba ya ɗauke da sunan kowa.

Dalili kuwa sananne ne, ko da yake ba a faɗinsa. Malamai biyu ne aminan juna tun suna neman ilimi, ɗaya a Anka, ɗaya a Bukkuyum. Ɗan na Anka ya rasu, na Bukkuyum ya zo masa gaisuwa ya zauna kwanaki. Da suka rabu, kowanne yana da waƙar a rubuce da hannunsa. Gidan Anka sun taso da cewa uban yaron ne ya yi ta don ya lallashi zuciyarsa. Gidan Bukkuyum sun taso da cewa kakansu ne ya yi wa amininsa. Su biyun sun mutu ba wanda ya tambaye su. Da Baffa yana saurayi ya je gidajen biyu ya nemi izini, kowanne ya ba shi a matsayin mai abu, shi kuma ya buga ba suna. Mai talla idan ya isa Anka ya ce ga waƙar malam, idan ya isa Bukkuyum ya ce ga waƙar malam, kowa ya ji abin da ya riga ya sani.

Na tambayi Baffa wa zan rubuta.

"Mi ag ga bangon?"

Na ce babu komai.

"To bar shi hakanan."

Na bar gurbin babu komai. Amma manhajar ba ta yarda da wuri a sake. Idan ba ka sa suna ba, sai ta sa nata layin da Turanci a ƙarƙashin hoton littafin. Na gan shi, na fassara shi kamar yadda na fassara sauran: Ba a san mawallafi ba. Haka na saba gani a ɗakin karatu na jami'a, haka aka koya mana a rubuta idan babu tabbaci. A ganina abin da Baffa ya ce ke nan, da kalmomin makaranta. Na nuna masa shafin a waya, ya daɗe yana kallon koren bangon, ya ce launin ya fito fiye da na gaske. Idonsa ba ya kama ƙananan haruffan boko, ni kuma ban ga abin karanta masa a wurin ba.

Rumfar ta buɗe, ta kuma yi albarka. Mutanen ƙasarmu da ke aiki a Kaduna da Abuja, har da na Nijar, suka fara aiko da buƙata, Baffa yana ɗaure kaya yana kai wa direbobi a tasha. Cikin masu shigowa akwai wani jikan gidan Anka da ke aikin gwamnati a birni. Ya ɗauki hoton shafin mai koren bango ya tura wa danginsu, daga nan ya tsallaka wayoyin Bukkuyum. Ranar da labarin ya iso mana na goge layin, na tona cikin manhajar har na hana shi sake fitowa. Amma hoton da ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ya hannuna.

Baffa bai yi mini faɗa ba. Ya ce in shirya, za mu Anka, kuma sai rana ta ɗaga motoci sun yi yawa za mu kama hanya. A cikin motar kowa idonsa yana kan daji.

Babba a gidan Anka wani tsoho ne, sa'an Baffa, abokinsa tun suna samari. Ya karɓe mu da kyau, aka kawo fura, suka tambayi juna iyali ɗaya bayan ɗaya. Sai da ƙwarya ta koma ciki ya dube ni.

"Malamin makaranta, kai na mai rubutun?"

Na ce ni ne, Allah gafarta malam. Na fara bayanin yadda manhaja take, da cewa ba zagi ba ne, ƙa'ida ce ta masu adana littattafai. Ya bar ni na kai ƙarshe.

"Na ji. To in tambaye ka. In ka gamu da yaro bisa hanya ba ka ambaci sunan ubanai ba, ka yi laifi?"

Na ce a'a.

"In ka tsaya tsakar kasuwa kac ce wanga yaro ba a san ubanai ba fa?"

Ya juya ga Baffa, muryarsa ta sauka.

"Abokina, shekara nawa kana buga ta ba suna, mun taɓa ce maka kanzil? Mun san ta, kun san ta. Yanzu jikokina suna tambayata ko ƙarya munka yi musu. Tunda an faɗi ba a sani ba, sai a faɗi an sani. Ka sa sunan kakanmu, ko ka bar mana waƙarmu."

Na ce ko za a sa sunayen biyu. Ya yi murmushin da ba na jin daɗi ba, ya ce wanne za a fara rubutawa.

A Bukkuyum wadda ta rage daga jikokin malam tsohuwa ce, ita ke da magana a gidan. Aka shigar da mu har ƙofar ɗakinta. Tana zaune a kan buzu da carbi, ta leƙo ni da kyau.

"Wanga na mai na'urar da ta san abin da ba a sani ba?" ta tambayi Baffa. "Ɗan nan, ni na sani. Innata ta sani. Ita ta niƙa tawadar da anka rubuta ta. Na'urarka ta tambaye ni?"

Na ba ta haƙuri, na sake kawo shawarar sunaye biyu, don ita kaɗai nake da ita.

"Kun taɓa jin uwa biyu sun haifi ɗa guda?" ta ce. Sa'an nan ta faɗa wa Baffa abin da aka faɗa masa a Anka, kusan kalma da kalma, sai dai sunan da take so a sa daban ne. Da za mu fita ta sa aka ba mu gyaɗa a ƙunshi, ta yi mana addu'ar hanya.

A hanyar dawowa na ce wa Baffa akwai mafita a doka. Masu waƙar sun daɗe da rasuwa, babu takarda, babu wanda zai iya hana shi bugawa. Ya ce ya sani. Ya ce ranar da ya buga abu don babu mai iya hana shi, ranar ya rufe ƙofar kowane zaure da ya taɓa shiga. Na ce to ya zaɓi gidan da ya fi yarda da maganarsu. Ya ce shi ma bai san wanda ya yi ta ba, bai taɓa sani ba, bambancinsa da ni shi bai faɗa ba.

Wannan maganar ce ta hana ni sukuni har yau. Abin da na rubuta gaskiya ne, kuma wanda ya fi kowa sanin littafin ya tabbatar da haka da bakinsa. Na yi shekaru ina gaya wa ɗalibai cewa faɗin ban sani ba rabin ilimi ne. Wani lokaci ina ganin gidajen biyu ne da laifi, da suka fifita sunan kaka a kan uwar da ke kuka a ƙauye. Wani lokaci kuma ina ganin ban taɓa fahimtar garin da aka haife ni ba, inda mutane suka iya riƙe abu guda su biyu muddin ba a tambaye su na wa ne ba. Nakan tambayi kaina ko shirun zai ɗore ko da ban zo ba, tunda jikoki sun shiga makaranta, kuma ko ba jima ko ba daɗe wani zai yi tambayar. Ban sani ba ko wannan hujja ce ko lallashin kai.

Baffa ya sa na cire littafin daga shafin. Abin da ya rage a shago ya kasa shi biyu daidai, ya ɗaure, ya aika wa kowane gida nasa. Babu gidan da ya sake buga ta, domin su ba sana'arsu ba ce. Sauran littattafai suka ci gaba da fita ta intanet, shagon bai mutu ba. Abokinsa na Anka yana aiko da gaisuwar salla, amma ta bakin wani.

Wata ranar kasuwa ina shagon, wani Bafillace daga wajen Gwashi ya tsaya a ƙofa da sandarsa a kafaɗa. Ya yi sallama, ya ce mai koren bango yake nema. 'Yarsa ce ta rasa ɗan fari, ta daina cin abinci, an ce masa a karanta mata.

Baffa ya yi masa ta'aziyya, ya ce babu.

"Ta ƙare? In dawo kasuwa mai zuwa?"

"Ba ƙarewa tay yi ba. Izinin na ba ni da shi yanzu."

Mutumin ya juya maganar a ransa. Sa'an nan ya ce, "To wa ad da ita, Alhaji? In tai in roƙe shi da kaina."

Baffa ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya kwatanta masa gidan Anka, unguwa da ƙofa. Ya ɗan tsaya, ya kwatanta masa na Bukkuyum.

"Wanne zan fara zuwa?"

"Wanda hanyarsa taf fi lafiya," in ji Baffa.

Bafillacen ya ce a kwanakin nan babu mai lafiya a cikinsu. Ya yi godiya, ya gyara sandarsa, ya shiga cikin kasuwa.