Biyu Daga Biyar a Zauren Maikoma

Har gobe ban manta da ranar da na tsaya a zauren Tukur Maikoma a Kalgo ina nuna wa iyaye wasan lissafi ba. Ku da kuke fara aikin malanta yanzu, ya kamata ku ji yadda aka yi.

A lokacin ina ƙaramin malami, ba a daɗe da gama yaƙin Turawa na farko ba. Ni mutumin Gwandu ne, a can na yi karatun allo kafin a sa ni boko. Tsarin aikin kuwa shi ne, babban malami ke riƙe da makaranta, mu ƙanana muna ƙarƙashinsa, shi kuma yana amsa wa Baturen makaranta, wanda kan fito rangadi ya duba. Babban malaminmu, Malam Haliru, shi ya tura ni Kalgo in gwada buɗe ƙaramin aji a rumfa. Sharaɗin a fili yake. Idan yara sun taru kafin rangadin kaka, aji ya tsaya, a tabbatar da ni a kansa. Idan ba su taru ba, a rufe, in koma inda na fito.

Da zan tafi ya ce mini, "Iyayen za ka fara koyarwa. Uban da ya ga amfanin abu a zaurensa, shi zai riƙo hannun ɗansa ya kawo maka."

Na ɗauki shawarar, na shirya wasanni waɗanda uba ko uwa za su iya yi da yaro ba allo ba alli. A zuba gyaɗa a faifai a ce yaro ya raba wa ƙannensa daidai, abin da ya yi saura nasa ne. A tsayar da shi bakin garke da yamma yana jefa tsakuwa a ƙoƙo duk akuyar da ta shiga. A haƙa ramuka irin na dara, a ce kowane rami 'ya'yan goriba uku yake ci, wanda ya yi kuskure ya yi langa zuwa bakin ƙofa ya dawo. Yara na son na ƙarshen nan ƙwarai, har wasu kan yi kuskure da gangan.

Na sauka a gidan wani maɗinki, Malam Buhari. Shi ya gaya mini cewa in ina son yaran unguwar masunta, to, sai na samu Tukur Maikoma. Shi ne babbansu, kuma in ya ba da ɗansa Garba, sauran za su biyo. Buhari ya nema mini izini, aka sa mana bayan la'asar.

Na tarar da zauren cike. Maikoma na zaune kan buzu yana gyaran koma, masunta sun kewaye shi. Muka gaisa, na zuba gyaɗata, na haƙa ramukan goriba, aka kira yaran gidan. Wasan ya karɓu. Wani tsoho ya ce, "Malam, in haka bokon yake, ni ma a rubuta ni, ko don gyaɗar." Aka yi dariya. Maikoma kansa ya ajiye komar yana kallo.

Daɗin dariyar nan ne ya ɗauke ni. Na ga rabawa ta shiga, na ce bari in nuna ɗebewa, kuma in nuna cewa ko gyaɗar ma ba dole ba ce, da abin da ke gida ake yi. Na jera yaran a jikin bango, na bi su ina dafa kawunansu ina ƙirgawa da ƙarfi har biyar. Na ji zauren ya ɗan yi sanyi. Na san manya ba sa son a ƙirga 'ya'yan mutum a gabansa, amma a lokacin ina ganin irin abin da boko ya zo ya raba mu da shi ke nan. Na kama hannun ƙananan biyu, mace da namiji, na janye su zuwa bakin ƙofa, na juyo na ce, "To, Garba, ku biyar ne. An ɗauke biyu. Saura nawa?"

Yaron ya duba, ya ɗaga murya da murna, "Saura uku!"

Ba wanda ya ce madalla. Tsohon nan mai barkwanci ya sunkuyar da kai. Daga bayan bangon, ta cikin gida, na ji an ajiye wani abu a ƙasa, kamar ƙwarya.

Maikoma bai ɗaga murya ba. Ya miƙa hannu ya ce wa yaran biyu, "Ku komo cikin 'yan'uwanku." Suka komo, ya zaunar da su a jikinsa. Sannan ya dube ni ya ce, "Malam, wanga lissafi mun san shi. An koya muna shi bara, ba mu biɗi malami ba."

Aka shafa fatiha, aka watse. A hanya Buhari ya gaya mini abin da duk Kalgo ta sani ban da ni. Annobar murar nan da ta ratsa ƙasa ta ɗauke wa Maikoma 'ya'ya biyu, ɗaya na bin ɗaya, mace da namiji, daga ɗaki guda. Ya ce, "Ina ta yi maka ido, kai kuwa kana kallon yara." Ban iya cin tuwo ba ranar.

Washegari na roƙi Buhari ya raka ni. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa, na yi ta'aziyyar da ya kamata in yi tun ranar farko, na nemi gafara. Maikoma ya karɓa da mutunci, abin da ya ƙara mini nauyi.

Ya ce, "Ba ka sani ba, Malam, ban riƙe ka ba. Amma uwarsu tana bayan bango, ta jiya. In na ba ka Garba, kullum safiya in ya fita zuwa wurinka sai ta tuna. Ba ni yi mata haka."

Na yi sallama na fito. Garba bai zo ba, yaran masunta ba su zo ba. Da rangadi ya zo, 'yan yaran da ke rumfata ko tabarma ɗaya ba su cika ba, aka rufe ajin.

Ka'ida ce malami ya ba da bayani da baki ga babban malami kafin a kai wa Bature. Na faɗa wa Malam Haliru komai yadda ya faru. Bai yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi.

"Da ka sauka garin, gida nawa ka shiga gaisuwar rasuwa?"

Na ce ko ɗaya.

Ya ce, "Ka shiga gari bayan annoba, ka fara da gyaɗa."

Bayan 'yan kwanaki na koma Kalgo kwasar kayana. Hanya ta bi da ni ta ƙofar Maikoma, na rage tafiya don kada a gan ni. Yana zaune da yaran a ƙasa, ya haƙa musu ramuka, suna zuba 'ya'yan goriba uku-uku. Ƙaramar ta yi kuskure, ta tashi tana langa tana dariya, shi kuma yana tafa mata. Wasan ya zauna a gidan. Ni ne dai ba a buƙata. Na ja hulata na wuce ta bayan rumbu.

Na yi shekaru masu yawa a aikin nan bayan haka, kuma har yau ina gaya wa iyaye su yi wasan lissafi da yaransu, don yana aiki. Abin da Kalgo ta koya mini shi ne, malami baƙo ne a kowane gida, kuma kowane gida yana da lissafin da ya riga ya yi kafin ka zo. In an tura ku gari, ku bar alli a aljihu tukuna. Ku nemi dattijo ya zagaya da ku, ku yi barka inda aka haihu, ku yi gaisuwa inda aka rasa. Wanda bai san wa aka binne a gida ba, bai isa ya ƙirga waɗanda suka rage ba.