Ranar da Hannun Baba Ya Maƙale a Tanki

Mahaifina tsohon ɗan sanda ne, da muƙamin saje ya yi ritaya. Yana da wata tsohuwar mota da ke kwana a bakin lungunmu a unguwar Nima, don ƙofar gidan ko baro da ƙyar yake shiga. A shekarar da na koma gida bayan na gama koyon ɗinki, motar ta fara wani hali: ta tashi, ta yi tari, ta mutu. Ga ƙanshin fetur da ke binta ko'ina.

Makaniken unguwarmu ya saurare ta ya ce famfon mai ne ya gaji. Da a nan aka tsaya, da ya gyara an wuce wurin. Amma garin bayani sai ya kira Baba da kofur.

Baba ya dawo gida yana huci. "Kofur! Ni! Wallahi hannunsa ba zai sake taɓa motata ba."

Washegari ya hau tirotiro, wato motar haya, zuwa kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai, ya dawo da sabon famfo a leda, ya ce ranar Asabar ni da shi za mu yi aikin.

"Baba, ni fa tela ce."

"Keken ɗinki ba inji ba ne? Ɗauko sifana."

Da hantsi ya fara da kafa doka. Ya bi lungun ɗaki-ɗaki yana cewa kada wanda ya kunna ko ashana. Maƙwabciyarmu mai sayar da koko da ƙosai, wadda muke kira Mma, ta kwashe kurfotinta na gawayi zuwa tsallaken kwata, ta dawo ta zauna a kan benci ta naɗe hannu, ta ce tunda an tashe ta daga sana'a, kallo kam sai ta yi.

Muka cire kan batir, muka ɗaga kujerar baya. A ƙarƙashinta akwai wani murfi, a ƙarƙashin murfin kuma bakin tanki. Baba ya kwance notocin ya jawo, sai rabin tsohon famfon ya fito, rabin ya sulale ya koma ciki.

Na ce, "Bari in sa hannu, nawa ya fi siranta."

"Ja da baya. Wannan aikin maza ne."

Ya naɗe hannun riga ya zura har gwiwar hannu. Ya lalubo, fuskarsa ta washe. "Na kama shi!" Ya ja. Hannu ya ce bai san zancen ba. Ya sake ja, motar duka ta girgiza.

"Baba, ka saki abin mana, hannun zai fito."

"In saki? Shekaruna nawa a aiki, ban taɓa kama abu na saka ba."

Haka ya kasance, kansa a cikin mota, ƙafafunsa a waje, silifa ɗaya ta faɗi. Masu wucewa suna gaishe shi, yana amsawa daga ciki kamar ba komai. Wani ma ya tsaya ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya.

Mma ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da kwanon man kaɗanya. "Alhaji, ka yi haƙuri, yau sai na yi maka shafa irin ta jarirai." Ta mulke hannun tun daga kafaɗa. Ni na riƙe ƙugunsa, ita ta riƙe nawa, muka ja. Hannun ya fito fit, mu uku muka zube a ƙasa. Abin da ya kama kuwa ya koma tanki.

Baba ya miƙe. Ya zauna a bencin, ya nuna mini bakin tankin da haɓa.

Cikin minti biyu na fito da guntun. Na ɗaura sabon famfon yana ba da umarni: jar waya nan, baƙa can. Na ce ina ganin akasin haka tsohon yake. Ya tambaye ni ni da shi wa ya taɓa tuƙa motar gwamnati. Na yi yadda ya ce, muka mayar da kan batir.

Da ya murɗa makulli, mota ba ta tashi ba. Sai wata ƙara daga tanki, ɓul-ɓul-ɓul.

Mma ta kasa kunne. "Alhaji, ai ya tafasa. A kawo gasara?"

Ashe famfon baya yake juyawa, yana hura iska cikin mai. Na juya wayoyin, Baba yana kallon wata bishiya. Mota ta tashi tsaf.

Saura yoyo. Na leƙa ƙasa na ga mai yana ɗiga daga inda tiyo ya haɗu da ƙarfe. Baba ya ce wannan ƙaramin abu ne, a bariki da sabulu suke maganinsa. Ya murje sabulun wanki ya liƙe wurin, ɗigar ta tsaya, muka tafi sallar azahar.

Da muka dawo, mai na ɗiga kamar dā, sabulun babu ko alamarsa. Ya sake liƙewa. La'asar, haka. Ya fara zargin makaniken da turo ’yan ɓarna, ya ɗauko kujera ya zauna gadi a bayan katanga. Ba a jima ba wata akuya ta fito daga ƙarƙashin motar, bakinta duk kumfa, tana atishawa.

Yana can yana bin akuyar da silifa, na ɗauko almakashina na yanke bakin tiyon da ya tsage, na mayar, na ɗaure da sabon kilif da ya zo tare da famfon. Ɗiga ta ɗauke.

Da magariba na ji shi a ƙofar masallaci yana ba abokansa labari.

"Da hannuna na gyara ta. Yarinyar ma ta yi ƙoƙari, ita ce ta riƙa miƙo mini sifana."