Noelene Sorbello, Matar da Ta Ƙi Sayar Mini da Kifi

Ƙarfe bakwai saura kwata Noelene Sorbello take ajiye tsohuwar motarta a bayan shagon dabbobin gida da ke unguwarmu a nan garin Cairns. Shagon ba ya buɗewa sai tara. Ba ta farawa da zuba abinci. Sai ta bi tankunan gilashin nan talatin da takwas ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya, tana duba kifin da ya laɓe a bayan dutse, da wanda aka yage wa wutsiya, da wanda ya taso saman ruwa yana haki. Wanda aka matsa wa, ta sa 'yar raga ta ɗauke shi ta ware masa wuri. Daga nan ta canza ruwa, ta matse soson matatar ruwa, sannan ta sha shayinta a tsaye. Shekara ashirin da tara tana haka. Ranar Asabar mai zuwa za ta ajiye aiki.

Shagon ba nata ba ne, bai taɓa zama nata ba. An sayar da shi sau uku tana ciki. Amma duk wanda ke da tankin kifi daga nan har garin Gordonvale, in ka tambaye shi inda ya samo, ba ya kiran sunan shagon. Cewa yake, wurin Anti Noelene.

Ni da faɗa muka fara. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na sayi tanki mai cin lita sittin, na cika shi da ruwa da safe, da rana na je shagon da takarda a hannu. Na rubuta kifi kala bakwai.

Ta karanta takardar, ta dube ni ta saman tabarau.

"Yaushe kika zuba ruwan?"

"Yau."

"To, ɗiyata, yau ba kifi. Kuma ko bayan wata guda ne, waɗannan ba sa zama wuri ɗaya. Wannan kifin faɗa ne, in ya ga doguwar wutsiyar wannan da ake kira gupi sai ya ɗauka kishiyarsa ce ta maza, ya bi ta da cizo. Wannan jan kifin ruwan sanyi yake so, ga kashi kamar saniya. Wannan kuwa in ya girma, ƙananan nan su ne karin kumallonsa."

"Da kuɗina fa zan saya."

"Da kuɗinki za ki binne."

Ta ba ni ciyawar ruwa da wani guntun soso mai dauɗa da ta yanko daga matatarta, ta ce in sa a tawa, shi zai nunar da ruwan ya dace da kifi, in dawo bayan mako uku. Na fita ina huci, na wuce wani babban kanti da ke bakin titi, aka zuba mini duk abin da na rubuta a leda, ba tambaya. Kwana tara aka yi, saura biyu a raye. Na koma wurinta da kunya. Ba ta tona ni ba. Cewa kawai ta yi, "Su wa suka rage?" A kan waɗannan biyun muka sake gini: ƙananan kifin da ake kira tetira guda takwas, don su a garke suke samun natsuwa, da 'yar tarwaɗa guda mai lasar gilashi. Na ce tankin kamar babu kowa a ciki. Ta ce, "Haka ake so."

Des Hanrahan, mai tuƙa injin yankan rake, shi ya ba ni nasa labarin da bakinsa. Matarsa Raelene ta rasu ta bar masa tankinta da tetira goma sha biyu. Bai san komai game da kifi ba, sai dai yana ba su abinci kullum domin ita. Wata Lahadi a kasuwa ya ga wani ɗan kifi mai zanen ja, bai fi babban yatsa ba, ya saya don ya ƙara wa tankin kyau. Ashe irin da ake kira oska ne, mai cin ƙananan kifi. Cikin wata huɗu ya kai tafin hannu, tetira kuwa suna ta raguwa, Des yana duba bayan kabad ko tsalle suke yi su faɗo. Ranar da ya ga wutsiyar ta ƙarshe a bakin oskan, ya kwashe shi ya jefa cikin kula ya nufi rafi. A hanya ya tsaya shagon, wai ya tambaya ko ana sayen tanki na hannu.

"Mene ne a cikin kular?" in ji Noelene.

"Ɓarawo ne. Rafi zan kai shi, ya je ya ƙarata can."

"Kai Des, kana da hankali kuwa? Karfasar da mutane suka zuba ba ta ishe mu ba? Ta cinye mana rafuka, yanzu kai ma za ka ƙara da naka. Kuma laifin me ya yi? Ka haɗa mai babban baki da abinci, ka ce kada ya ci?"

Des ya ce a nan ne ya zauna a kan buhun tsakuwa ya fashe da kuka, abin da bai yi ba ko a wurin jana'iza. Ta bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ta karɓi oskan ta sa a babban tankin baya, ta kuma ce ba ta sayen tankin Raelene. Da aka tashi aiki ta bi shi gida, ta wanke masa, ta ce bayan mako ya zo ya ɗauki kifin bakan gizo guda shida, irin na rafukanmu. Har yau suna nan, sun hayayyafa.

Wannan hali nata ya kusa raba ta da aikin. Shekara shida da suka wuce Gavin Prowse ya zo daga kudu ya sayi shagon. Mutumin kirki ne, amma ya gaji da ganin mutane suna shigowa da niyyar sayen kifi goma suna fita da ciyawa. Ya kafa wani ƙaton tanki a bakin ƙofa, ya cusa kifi kala-kala har ba ka ganin bayansa, don jan ido. Noelene ta ce sun yi yawa. Ya ce, "Noelene, shago na saya, ba makaranta ba." Ya ba ta zuwa ƙarshen damina: ko ta daina mayar da masu saye, ko ta nemi wani wuri. Ta ce ta ji. Washegari ta mayar da wani mai tankin lita ashirin da ke neman jan kifi huɗu.

Kafin damina ta ƙare guguwar teku ta sauka mana. Kwana shida babu wuta, ga zafi kamar a tukunya. Matatar ruwa ba ta aiki, ruwa ya yi ɗumi, iska ta ƙare a cikinsa. Da aka buɗe hanya, Noelene ce ta fara isa shagon, rufin ɗakin girkinta yana can a gonar maƙwabci. Ta ɗauki jug, ta riƙa ɗibar ruwan kowane tanki tana zubo shi daga sama don ya sha iska. In ta kai na talatin da takwas, ta koma na farko. Gavin ya zo ya same ta, ya ɗauki nasa jug ɗin ya shiga ɗiba. Tankunanta sun yi asarar kifi kaɗan. Na bakin ƙofa kuwa, duk ɗibar da suka yi masa, rana ta biyu kifinsa ya ƙare gaba ɗaya.

A gidaje ma haka aka gani. Mu da muka bi maganarta, masu tankin da kamar babu kowa a ciki, kifinmu ya tsallake. Da wuta ta dawo, waɗanda suka yi asara suka yi layi, kowa yana cewa ita yake jira. Gavin bai sake tayar da maganar ƙarshen damina ba. Da ya zo sake cika tankin ƙofa, a gabana ya ce, "To, malama, nawa?" Ta ce, "Rabin rabin na da." Ya ce, "Wayyo." Ya kuma yi yadda ta ce.

Noelene, ke ce mai cewa a'a a inda i ya fi riba. Ke ce kika san girman da ɗan kifi zai kai tun yana kamar ƙwayar shinkafa, kika kuma faɗa wa mai saye gaskiya ko da zai fita yana zaginki. Na zage ki, Des ya ce shi ma ya yi a zuci. Ba ki taɓa riƙe kowa ba. Kafaɗarki ta dama da likita ya ce ta gama aiki, mun san inda kika ƙarar da ita. Mun gode. Allah ya saka miki, ya sa sanyin garin Atherton da za ki koma wurin ƙanwarki ya karɓe ki.

Ku kuma masu tsayawa bayan kanta, ko kifi kuke sayarwa ko magani ko taya, ku ɗauki wannan: ku tambayi mutum abin da ke gidansa kafin ku miƙa masa abin da ke hannunku. Ba ya cin minti biyu.

Gavin ya so ya shirya walima ranar Asabar. Ta ce ba ta son kek, ba ta son jawabi. Abin da ta roƙa shi ne, duk wanda ke da kifin da ya fi ƙarfin tankinsa, ko wanda ya addabi 'yan uwansa, ya kawo shi a bokiti, ta riga ta share tankuna huɗu a baya, za ta nema wa kowanne gida kafin ta tafi. Na tambaye ta ko in saka lokaci a wannan rubutun.

"Rubuta," in ji ta. "Ki ce su zo da wuri. Ƙarfe biyu zan miƙa makulli."