Turakun Kawu Bello Oba-oba

Duk wanda ya san Kawu Bello ya san ba ya gaida mutum kafin ya gaida wayoyinsa. Daga masallacin asuba sai bayan gida, inda ya kafa dogon ƙarfen eriyarsa, wanda wayoyi uku ke riƙe da shi ta ɓangare uku. Sai ya ɗana kowace da yatsa kamar mai kiɗan gurmi, ya kara kunne. In ka yi masa sallama a lokacin, hannu zai ɗaga maka.

"Dakata, Garba. Waya ba ta ƙarya, mutane ka yi."

Ni ne Garban. Ɗan ƙanwarsa nake, ina sayar da rodi da siminti a Goronyo. Shi kuwa tsohon ma'aikacin tarho ne. Da ya yi ritaya sai ya dawo wajen Taloka da lasisinsa da rediyonsa na oba-oba, yana kiran mutanen ƙasashen da ban san sunansu ba. Kuma me suke faɗi? "Kana ji na? Ina jin ka. Ana ruwa wajenku?" Shi ke nan fa! A kan wannan hirar aka wulaƙanta ni, kuma har yau ban huce ba.

Wayoyin nan a turakun ƙasa ya ɗaure su, ɗaya ta gitta hanyar fadama. Rannan wani mai raƙumi daga Kagara ya taho da buhunan albasa, wayar ta maƙale kayan, albasa ta watse har cikin kwata. Mai gari ya yanke hukunci: kafin a fara kwasar albasa gadan-gadan, ko hanya ta buɗe ko a kayar da ƙarfen.

Na ce, "Kawu, ka sayi wayar hannu mana ka huta."

Ya dube ni kamar na zagi mahaifiyarsa. "Mi kac ce? Wagga da kowane sakarai ka riƙewa? Turakun za ni ɗagawa sama, raƙumi shi wuce ta ƙasa."

Ya zo shagona neman bututun ƙarfe uku. Na fito masa da sababbi fil, kyauta. Ya ƙwanƙwasa su da makulli, ya taɓe baki.

"Wanga gwangwanin madara ne."

A gaban masu sayayya! Sai da muka je har Rabah, ya tono tsofaffin bututun rijiyar burtsatse masu tsatsa, yana shafa su kamar ya ga jikokinsa.

Sai maganar tsawo. Na kawo tef ɗin awo, ya ce tef bai taɓa ɗaukar albasa ba. Ya aro raƙumin mutumin Kagara ɗin nan, aka labta masa buhuna, sannan ya waiwayo.

"Hau."

"Ni? Kawu, shadda ce a jikina, ɗaurin aure za ni Wurno."

"Kai ad dogo cikin dangi. Hau, kuma kak ka tuɓe hula."

Na hau, jama'a! Ni da nake da shago biyu da motar ɗaukar kaya. Ya tsaya a ƙasa da gora yana gwadawa, yana cewa in miƙe wuya. Masu tafiya fadama suka ajiye fartanya suna kallo. Wani ya ɗaga murya, "Alhaji Garba, nawa buhu, har da na saman?" Da na isa Wurno, duk wanda ya rungume ni sai ya ja da baya yana toshe hanci.

Aka haƙa ramuka uku, kowane ya shanye mutum har wuya. Aka saka bututun, aka zuba kankare a ramin da kuma cikin bututun. Amma Kawu ya sa an karkata kowane ya jingina baya, nesa da eriyar. Ni kuwa shekarata nawa ina sayar wa magina kaya, ban taɓa ganin an kafa ginshiƙi a karkace da gangan ba. Da ya shiga sallar la'asar, sai na sa aka miƙe na bakin hanya tun kankaren bai kama ba. Na yi masa gyara ke nan, a ganina.

Ya fito, ya zagaya shi sau ɗaya.

"Garba, in raƙumi na jan ka, tsaye kaka yi ƙiƙam ko baya kaka jingina?"

Bai jira amsata ba.

"To ga shebur."

Ni na kwashe kankaren nan da hannuna, ni na sake kwaɓa wani. Mako uku yana shayar da turakun ruwa da buta, safe da yamma, ya hana a ɗaura musu waya. Wa'adin mai gari na matsowa, ina cewa mu ɗaura, yana cewa siminti bai san mai gari ba. Ana gobe wa'adi ya mayar da wayoyin sama ɗaya bayan ɗaya, ya ɗana, ya saurara, ya ce ta yi.

Mai gari ya zo, aka kora raƙumi da lodinsa. Ya wuce ta ƙarƙashin wayar, ko ƙura bai taɓa ba. Kowa ya ce Malam Bello gwani ne. Ni ko sannu babu wanda ya yi mini.

Bara Allah ya yi masa rasuwa. Ba a yi sadakar arba'in ba masu sayen tsohon ƙarfe suka iso da sikelinsu, wasu daga cikin 'yan'uwana har sun fara sauraronsu. Na fi kowa sanin abin da ƙarfen nan zai yi a kasuwa, kuma ban taɓa mayar da mai saye ba a rayuwata. Ranar na kore su har bakin titi.

Duk Juma'a nakan biya in ɗana wayoyin nan uku, in kara kunne. Wallahi ba na jin komai. Amma nakan ɗan tsaya, ko za a ce mini in dakata.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya ɗebe masa kewa. Na yafe masa shaddata.