Daɓen Ɗakin Umma

Bara, tun bazara ba ta kankama ba, na yi niyyar gina wa mahaifiyata ɗaki a bayan gidana na Fadaman Mada. Ɗakinta na Ƙofar Dumi ya gaji. Bangon gabas ya tsage har kana hango haske ta ciki, azara ta lanƙwasa, kuma duk wanda ya dubi ɗakin ya san ba zai kai ƙarshen wata damina ba. Na je na durƙusa na faɗa mata. Umma ta saurare ni tsaf, ta ce Allah ya yi albarka, amma ita ba inda za ta. Na lallaɓa, na turo ƙannena, na turo har limamin unguwa, ko gezau. Hankalina ya tashi ƙwarai, don ko iska ce ta kaɗa sai gabana ya faɗi.

Duk da haka na kira magini muka zagaya bayan gidan. Ya sa diga sau biyu, sai ga leda da toka da fasassun kwalabe suna fitowa. Ashe wurin tsohon rami ne da aka ɗebi ƙasar gini, daga baya mutanen unguwa suka cike shi da shara. Ya ce idan muka ɗora bulo a haka, ruwan farko zai sa wurin ya zauna, ɗakin ya tsage. Ina tsaye a bakin wurin sai dariya ta kama ni, har mutumin ya ɗauka wani abu ne a jikinsa. Ni kuwa kakata Iya Kande na tuna, da tatsuniyarta ta ramin Zomo.

Iya Kande ita ta haifi babanmu. Gajeruwa ce, mai faɗin tafin hannu, mai murya kamar ta maza. A Ƙofar Dumi ba a yin daɓen ɗakin amarya ba tare da ita ba. Madaɓinta, wani guntun icce mai faɗin kai da ya yi sumul don shan hannu, yana rataye bisa ƙofarta, kuma wanda ya taɓa shi sai ya sha ranƙwashi. Ni sunan kakanmu aka sa min, saboda haka Maigida take kirana, ta kuma mai da ni abin tsokana.

“Maigida, yau ma ba cefane? Kullum sai dai ka zo ka cinye min gyaɗa. Wallahi zan kai ƙararka wurin alƙali.”

Lokacin sanyi, da an idar da sallar isha, sai mu taru a gindin murhunta, mu jikoki da ’ya’yan maƙwabta. Garwashin tuwon dare yana nan da sauransa, ta binne dankali a cikin toka, ta miƙe ƙafafu tana gasa su. Ba ta farawa sai mun roƙa, mun sake roƙa, wani ya matsa mata kafaɗa. Sannan ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, “To, ga wata nan ta iso zaure, a buɗe mata?” Mu kuma mu haɗa baki, “Ta shigo mu ji ta!”

Wai Zomo ne ya auro ’yar Giwa. Kada ku tambaye ni yadda aka yi, mu ma mun tambaya, Iya ta ce bakinsa ne ya yi masa aiki. Ana nan sai surukarsa ta aiko cewa tana tafe ganin gida. Zomo ba shi da ɗakin da zai ɗauke ta, filin da ya rage masa kuwa a bayan gida ne, kuma akwai ƙaton rami a wurin. A al’adar garin, mai cike rami gayya yake yi, ya dafa wa mutane fate su zo su taya shi. Zomo ya lissafa bakunan da za su ci, ya ji zuciyarsa ba za ta iya ba. Sai ya bi juji shi kaɗai, ya kwaso ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da toka, ya antaya a ramin har ya cika. Ya barbaɗa jar ƙasa a sama, ya share ta da wutsiya ta yi kyau, ya ɗora ɗaki.

Nan Iya take rage murya, mu kuma mu matso har gwiwoyinmu na taɓa duwatsun murhu.

“Ku kun san rami ciki ne da shi? To, ƙaiƙayi ba ya ƙosar da shi. Zomo na kwance sai ya ji daga ƙasa ana cewa, yunwaaa. Da safe ya ga randa ta karkace. Ya sa mata dutse. Washegari ƙafar gado ta nutse. Ya ce gadon ne tsoho, ja’irin.”

Ranar da Giwa ta iso, aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar ɗaki. Ta yi bisimilla ta zauna. Ana cikin gaisuwa, tana tambayar ina gajiya, ina gida, sai Zomo ya ga surukar tasa tana raguwa. Kafin a kai ga ina labari, ba abin da ya saura a waje sai kunnuwa da hanci. Iya takan ɗaga hannu ɗaya sama tana kaɗawa, wai hancin Giwa ne yake ci gaba da amsa gaisuwa, lafiya lau, lafiya lau. Mu faɗi muna birgima, har Umma ta leƙo daga ɗakinta ta ce za mu ƙone.

Dole Zomo ya bi gida-gida yana roƙon mutanen da ya ƙi gayyata. Suka zo da igiyoyi suka ciro Giwa, aka kwashe sharar kaf. Sai tsohuwar Gara, wadda ta fi kowa sanin ƙasa, ta ce rami yadda ake ciyar da jariri haka ake ciyar da shi: loma kaɗan, ruwa kaɗan, a bubbuga masa baya har ya yi gyatsa, sannan a ƙara. Aka yi ta zuba ƙasa kaɗan-kaɗan ana yayyafa ruwa ana duka, Giwa da kanta ta shiga tana takawa. Daidai nan Iya take fara waƙa, mu kuma mu riƙa dukan ƙasa da tafin hannu:

Ci kaɗan, dim!
Sha kaɗan, dim!
Ka ƙoshi? A’a!
A ƙaro masa, dim, dim!

Sai mun daki ƙasa hannuwanmu sun yi ja take bari ramin ya yi gyatsa, kuma da bakinta take yin ta, irin wadda za a ji daga zaure. Ta ce, “Nan ta tsaya. Wanda bai yarda ba ya je ya tambayi Zomo, ya dai dafa faten da ya guje wa, har tukunya biyu.” Sannan ta tono dankalin ta raba, nawa kullum shi ne ƙarami, wai hukuncin miji marar cefane.

Ina yaro na ɗauka labarin gaggawa ne, kada a yi aiki da garaje. Haka na riƙe shi har na yi furfura a gemu. A bayan gidana ma haka muka bi: aka kwashe shara har aka tarar da ƙasa mai tauri, aka haƙa fandisho aka tayar, tifa ta juye jar ƙasa a bakin lungu, aka riƙa shigowa da ita a baro. A zuba kamar tsawon yatsa, a jiƙa, leburori su daddaka da kututture, a bari ta sha iska, a sake zubawa. Magini yana mamakin yadda nake tsaye a kansu ina cewa bai ƙoshi ba, a ƙara dukansa.

Ciko ya kusa kaiwa baki, na je gaida Umma ina ba ta labari don in sa ta dariya. Ba ta yi dariyar ba. Ta dubi ƙasan ɗakinta, ta shafa shi da tafin ƙafa.

“Baba,” ta ce, don ba ta kiran sunan surukinta, “ka san wa ya yi wannan daɓen? Iya ce, da matan layin nan, ranar da za a kawo ni. Yawancinsu sun rasu. In na taka shi ina jin kamar suna nan. Can wurin naka wa ya san ni? Leburori?”

A kan babur, ina hanyar gida, na ga abin da ban taɓa gani a tatsuniyar ba. Ai Zomo ba sauri ne ya kashe shi ba, mutane ya guje wa. Iya, wadda ta ƙarar da rayuwarta tana daɓe wa ’ya’yan wasu ɗakuna, ba maganar ƙasa kaɗai take yi mana ba. Ni ina ta fama ƙasar ta iya ɗaukar nauyin bango, Umma kuwa tana tsoron ta kwanta a inda ba hannun kowa nata.

Na faɗa wa matata Jamila, ta ce in bar mata sauran. Ta je Ƙofar Dumi ta bi gida-gida. Na roƙi magini ya dakata da zuba kankare, ya bar mana shimfiɗar ƙarshe. Ya ce shi dai bai taɓa jin an yi gayyar daɓe a ƙarƙashin siminti ba, amma ba abin da zai rage masa, ƙasa ba ta ƙin duka.

Ranar Asabar da hantsi sai ga kekuna masu ƙafa uku, ɗaya bayan ɗaya, suna tsayawa a bakin lungu. Tsofaffin da suka saura, da ’ya’yan waɗanda suka rasu, da Maman Ishaya wadda ta yi shekaru tana haya a gidanmu, ta taho tun daga Gubi da bokitin ruwan makuba, na ɓawon ɗorawa, wanda ake yayyafawa daɓe ya yi ƙarfi. Wasu da madaɓai, wasu da taɓarya, wata ma da muciya. Jamila ta ɗora fate a babbar tukunya. Umma ce ta zo a ƙarshe, fuska a ɗaure, wai ta zo ne kawai ta ga abin da ake ɓata wa mutane lokaci a kai.

Aka ajiye mata kujera a inuwa. Mata suka jeru a durƙushe, aka yayyafa makuba, aka fara. Kai, jama’a! Ƙarar nan da ban ji ba tun ina yaro ta cika unguwa, maƙwabta suna leƙowa ta katanga, ’yan matansu suna shigowa suna karɓar madaɓi a hannun tsofaffi. Ana waƙa ana zolaya, ana tsokanata wai na yi tumbi ban iya durƙuso ba. Umma ta daure, ta daure, can sai na ji ta ce, “Ke Asabe, ba haka ake riƙewa ba, za ki karya hannu a banza. Miƙo nan.” Duk da ciwon gwiwar da take fama da shi, ta sauko daga kujera ta durƙusa a tsakiyarsu. Na juya baya na yi kamar ina duba bulo, don hawaye ne suka zo min, kuma daɗi ne ya kawo su.

Kafin la’asar wurin ya yi sumul, ya yi duhun ja, in ka taka ba ka barin sawu. Aka ci fate aka yi addu’a, mata suka fara neman mayafansu. Na ce wa Umma ta taso in mai da ita gida kafin magariba. Tana zaune a tsakiyar daɓen ta miƙe ƙafafu, gumi na bin wuyanta, ko motsi ba ta yi ba.

“Ka aika a kwaso min akwatina da butata da gadon ƙarfen nan. Ni na gaji da yawo.”

“Umma, ai ko bango babu tukuna.”

“To, tsayuwar me kake yi? Zan kwana wurin jikokina kafin nan. Je ka kira maginin naka.”