Bazarar da na lulluɓe tumatirin Baba

Shekarun baya, lokacin kullen korona, aka rufe makarantar da nake koyarwa a Kano, na tattara na koma ƙauyenmu a ƙasar Bunkure. Na iso da takunkumi a fuska da kwalbar man wanke hannu a jaka, ina jin kaina kamar wata likita. Goggona, ƙanwar Baba, ta dube ni ta ce, "To fa, ga asibiti ya zo mana har gida."

Bazara ce, ga azumi, ga zafi. Baba manomin rani ne, kuma tumatirinsa ya nuna jajir a daidai lokacin da aka tare hanyoyi. Motocin kudu da suka saba zuwa ɗauka ba su zo ba, ko ɗaya. Kuɗin wannan tumatirin shi ne na takin damina, shi ne na cefanenmu. Sai Baba ya ce ba zai zuba ido ya ruɓe ba, a yanka a shanya a yi kauɗa, in an buɗe hanya a sayar.

Wallahi ban taɓa jin daɗin zaman gida irin na kwanakin nan ba. Da hantsi za mu baje a gindin mangwaron tsakar gida, kowa da wuƙarsa da kwandonsa, rediyo na tafsiri. Inna na yanka tana gyangyaɗi, Goggo na ba mu labarin samarin da ta kora tana budurwa, kullum adadinsu ƙaruwa yake. Baba, da ba ya zama a gida, ga shi a kan turmi yana wasa mana wuƙaƙe. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini. In an sha ruwa kuwa, kunun tsamiya da ruwan randa, sai hira.

Kwana huɗu muna yanka, muka cika filin bayan gida da shanya a kan buhuna. Rannan na leƙa na ga ƙudaje da ƙura a kai, sai boko ya motsa. Na ce a raina, ana fama da cuta a duniya a bar abinci a buɗe? Ban tambayi kowa ba. Na jawo manyan ledojin da Baba ke rufe shinkafa da su, na lulluɓe fiye da rabi, har da danne gefe da duwatsu. Washegari Baba yana gona, mu kuma azumi ya kwantar da mu, ba wanda ya leƙa.

Da Baba ya dawo da la'asar ya ɗaga ledar, warin ne ya fara fitowa. Tumatirin ya yi gumi ya dahu a ciki, ya yi baƙi, ga fumfuna. Goggo ta dafe kai: "Innalillahi! Wa ya yi mana wannan aikin?"

Na ce, "Ni ce."

"Ke da aka kai makaranta? Shanya ai iska take so, 'yar nan!"

Baba ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe sai ya ce, "Uwata ta ga ƙuda ne. Ku bar ta." Ya ɗebo shebur ya kwashe da kansa. Na yi kuka ranar, kukan kunya.

Da Babbar Sallah ta zo ba mu yi layya ba. Baba ya ce ragon da yake kiwo don layyar ba ya jin daɗi ne, shi ya sa ya rabu da shi, ni kuwa na yarda. Sai bayan shekara biyu Inna ta faɗa mini gaskiya: lafiyar rago ƙalau, sayar da shi ya yi ya sayi taki, kuma ya hana kowa gaya mini don kada in sa abin a raina.

Yanzu in na ga wani aiki a hannun masu shi, tambaya nake yi kafin in taɓa. Kuma ina kewar zaman gindin mangwaron nan sosai, ba mu ƙara haɗuwa haka ba.

Baba yana nan da ransa, ba ya karanta abin da nake rubutawa a waya. Har yau bai san na sani ba. Don Allah, duk wanda ya gane gidanmu ya rufa mini asiri.